Ranar da Na Kwance Baturan Firij

Ranar da aka aiko daga Zurmi cewa yayana Malam Tukur ya rasu, na ce wa ɗana Nasiru ya fito da mota. Ya tsaya a bakin zaure da makulli a hannu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya ce zai kai ni har ƙofar gidan, amma shi ba zai yi wa mutumin da ya kashe yayarsa salla ba. Ban tsawata masa ba. Ya kai ni, ya zauna a mota har aka dawo daga maƙabarta. Ku sauran 'ya'yana ma da kuna gari abin da za ku yi ke nan, domin da wannan labarin aka yaye ku: Baffanku na Zurmi ya zo ya sa an kwance baturan firij, alhali ya san maganin Safiya ne a ciki. Haka mahaifiyarku Hajo ta gaya muku, kuma ba ƙarya ta yi muku ba, abin da aka gaya mata ne ta faɗa. Yanzu ita ba ta raye, shi ma ba ya raye, saura ni kaɗai da na san yadda aka yi, ga shi idona ya fara gajiya da karatu. Don haka ku bar ni in rubuta tun ina ganin layin takarda.

Gidanmu na Zurmi gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Mahaifinmu ya yi limanci, ƙannensa biyu sun yi alƙalanci, Yaya Tukur kuwa ya sauke Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba. Ni ne bare a cikinsu. Na yi karatun daidai wanda zan yi salla, sannan na gudo Ƙaura na manne wa wani Bayarabe mai gyaran wutar jirgin ƙasa, na koyi waya da batir a hannunsa, daga baya na buɗe rumfata ta gyaran wutar mota a bakin tasha. Umaru Rewaya, haka garin nan ya san ni. Ba wanda ya taɓa zagina a gida saboda wannan, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Idan aka taru da Salla, a yi ta jan mas'ala da Larabci ina zaune a gefe, sai in rediyon wani ta lalace a tuna da ni. Na yi shekara ashirin ina jiran ranar da za a neme ni don wani abu mai nauyi, kuma ban san ina jira ba sai da ranar ta zo.

Safiya ita ce 'yar farinmu. Ku da kuke ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna yawo da su a kafaɗa ba za ku gane ba, amma mu a lokacinmu ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi, musamman a gaban manya. Wanda ya yi haka sai a ce ba shi da ta ido. Kaka ce mai ɗan fari, ita ke goyo, ita ke yi masa faɗa, ita ke yin faɗa dominsa. Tsohuwata Inna ta baro Zurmi ta zauna da mu, Safiya ta tashi a ɗakinta. Ni kuwa shekara goma sha huɗu yarinyar nan ta yi a duniya, ban taɓa kiran sunanta tana ji ba. In zan yi maganarta sai in ce ɗiyar Inna.

A shekarar da ta biyo bayan ba mu sabuwar jiha Safiya ta fara ramewa. Ta sha ruwa kamar ba gobe, ta yi ta zarya bayan gida, ta ci tuwo ta tashi da yunwa. Inna ce ta tsaya a kaina har na kai ta asibiti a Gusau. Likita ya ce ciwon suga ne irin na yara, babu jiƙo babu ƙwaya, sai allura safe da yamma har iyakar rayuwa. Ya ba mu ruwan allurar a cikin ƙananan kwalabe, ya koya wa Hajo yadda ake yi, ya ce lallai maganin ya zauna a wuri mai sanyi. Inna ta samo kasko ta cika shi da yashi mai laima, ta binne kwalaben a ciki, ta tura ƙarƙashin randa. Haka aka yi wata takwas lafiya lau. Ni ne abin bai yi wa daɗi ba, wai ina mai gyaran wuta a ce maganin gidana yana kwana a yashi. Na sayo ƙaramin firij na hannu, na kafa shi a ɗakin tsakiya, na yi wa kaskon Inna dariya har ta ji haushi ta juye shi ta mayar na abincin kaji.

Sai dai an ba mu jiha, ba a ba mu wuta ba. A kawo da hantsi a ɗauke da azahar, wani lokaci a yi kwana biyu ba a ga ƙyallinta ba. Na zauna na yi tunani, na samo baturan babbar mota guda biyu, na naɗe taransifoma da hannuna, na haɗa akwatin nan da yanzu kuke saya a kanti kuna ce masa inbata. Sau uku yana ƙonewa kafin ya zauna. Idan akwai wutar gari akwatin ya cika baturan, in an ɗauke sai a ja wani makunni firij ya koma kansu. Suna riƙe shi kwana ɗaya da rabi in ba a yawan buɗewa. In abin ya wuce haka, sai in ɗaura ɗaya a bayan babur in kai rumfa in cika shi da inji, in dawo in musanya. Na sa 'yan fitilu biyu a jikin akwatin, koriya in batir na da ƙarfi, ja in ya yi ƙasa. A duk unguwarmu ba mai irinsa, har daga Kurya ake zuwa kallo. Safiya ce mai jan makunnin, ita ce mai duba fitila, kuma nan ne kawai ni da ita muke haɗuwa. In na shigo gida da yamma sai in tsaya a tsakar gida in ɗaga murya.

"Hajo, tambayi mai gadin hirij, wace hitila ta kunne?"

Daga ɗaki sai in ji ta amsa, tana danne dariya.

"A ce ma Baba koriya ta."

Wannan ita ce hirar da na yi da 'yata. Ba na iya tambayarta yaya jiki, sai in tambayi batir, kuma na tabbata ta gane.

Inna ta rasu da kaka, ana yankan gero. Da ita aka binne bakin da ke iya magana saboda Safiya a gaban kowa.

Bazarar da ta biyo baya ita ce ta farkon shari'a. Ban zo nan don in yanke wa wannan lamari hukunci ba, na yi murna da shi kamar kowa, na je taro na yi kabbara har muryata ta dishe. Gari ya ɗauki wani irin zumuɗi, malamai suna zagaya kasuwanni da ƙauyuka suna yi wa mutane bayanin abin da ya halatta da abin da ya haramta a mudu da sikeli da sauransu. Yaya Tukur yana cikin masu wannan yawo. Wata Laraba bayan azahar ya sauka a zaurena da malamai biyu da wani dattijo, Baba Liman, aminin mahaifinmu, mutumin da ko a hanya na hango shi sai na cire takalmi. Aka kawo fura aka sha. Sai Yaya ya gyara zama.

"Umaru, an ce mani kana da wasu batura masu ba da wuta awa ta bango."

"Akwai su, Yaya."

"Gobe muna kasuwar Shinkahi, jibi Zurmi bayan Juma'a. Man janareta ya yi wuya, in ma an samu, ƙararshi ta hi muryata. Ka ara muna su kwana biyu don lasihika, kai ma ka biyo mu ka haɗa, tunda aikinka na."

Kafin in amsa ya ɗaga hannu.

"Amma in akwai wani aiki da suke yi ma cikin gida, ka hwaɗi, mu nemi wata dabara."

Ku lura da wannan, don a nan komai yake. Yayana ya san yarinyar tana da ciwo, amma a Zurmi yake, bai san allurar tana bukatar sanyi ba, bai taɓa shiga ɗakin tsakiya ba. Kalma biyar ce za ta raba gardama, in ce maganin ɗiyata ne a ciki. Na ɗaga kai na ga Baba Liman yana kallona. A ce ni, a gaban aminin ubana, in buɗe baki in hana aikin addini saboda 'yar fari. Wannan shi ne uzurin da na yi shekaru ina ba kaina, kuma gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗaya rabin shi ne, a ranar ce karon farko da malaman gidanmu suka tako har zaurena suna neman abin da ni kaɗai na iya. Daɗi ya kama ni kamar yaron da aka ba sabuwar riga.

"Babu, Yaya. Na ruwan sanyi na kawai."

Baba Liman ya yi dariya ya ce ruwan sanyi ai randa ta isa. Kowa ya dara, har da ni.

Na shiga gida na durƙusa ina kwance wayoyi. Hajo tana da tsohon ciki a lokacin, ta taso da ƙyar ta tsaya a kaina.

"Maigida, ina za a kai su?"

"Yaya Malam ka so, na wa'azi. Jibi ina gida."

Ta kalli ƙofar ɗakin da Safiya take, ta sassauta murya. Ita ma kunyar nan tana wuyanta, har ta fi tawa.

"Shi ya san abin da ke ciki?"

"Ya sani."

"Ya sani, yac ce a kwance?"

"Na ce maki ya sani. Sati guda ke nan wuta ba ta wuce rabin yini ba a maido ba. In ma an ɗauke, kar a buɗe sai lokacin allura. In yana ruhe shina riƙe sanyi."

Ban shirya wannan ƙarya ba. Na faɗe ta ne don in gajarta magana, baƙi suna jira a waje, ba na son a ji mace tana ja da ni. Ƙaramar ƙarya ce a ranar, irin wadda magidanta ke yi sau goma kafin magariba. Da nake ɗora baturan a bayan motarsu Yaya ya matso kusa da ni, ba kowa a wurin, ba Baba Liman, ba wanda zan ji kunya. Ya sake tambayata ko na tabbata ba za a takura a gida ba. Na ce na tabbata.

Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin nan sun yi mini daɗi. A kasuwar Shinkafi na ɗaura lasifika a kan motar, na haɗa, muryar Yaya ta tashi tas babu ƙarar inji, har 'yan kara suna ji daga wurin shanu. Da ya gama ya kama hannuna a gaban jama'a ya ce wannan ƙanena ne, Allah ya ba shi nasa ilimin. A Zurmi bayan Juma'a dattawan da suka san ni ina gudun makaranta suka yi ta sa mini albarka. Sai mutanen Katuru suka aiko suna roƙo, sai na Moriki. Kwana biyu suka zama huɗu. Kullum da safe in nemi mai injin niƙa ko direba in cika baturan, kullum in ce gobe zan koma. Babu wayar hannu a lokacin, kuma ban nemi wanda zai kai saƙo ba.

Ranar Litinin a Moriki wani direban da nake yi wa gyara ya gan ni.

"Umaru Rewaya, kana nan kana ba ƙauye wuta, Ƙaura na cikin duhu tun Alhamis. Iska ta kada falwayoyin unguwarku."

Motarsa a lokacin take lodi, akwai wuri a gaba, da na shiga da la'asar ina gida. Amma saura wa'azi ɗaya washegari da hantsi, wanda aka ce hakimi da kansa zai zo. Na tsaya a bakin tasha na yi wa kaina lissafin banza, wai abin da ya yi kwana huɗu, kwana ɗaya ba zai ƙara masa komai ba. Na koma masauki ban ce wa Yaya uffan ba.

Na iso gida Talata da la'asar. Ɗakin tsakiya rufin kwano ne, kuma kun san zafin Ƙaura kafin ruwa ya sauka. Na buɗe firij, wani ɗumi ya bugi fuskata, ciki ya fi waje zafi. Hajo ta bi umarnina sau da ƙafa, ba ta fitar da kwalaben ba, ba ta buɗe ba sai lokacin allura. Da Inna tana raye da tun ranar Juma'a ta tona yashi ta binne su, ta bar ni da iyayina. Amma ni na kashe wannan dabara a gidan da dariya, na koya musu cewa firij ya fi kowa sani. Na mayar da baturan, na ja makunni, injin ya tashi. Bayan sa'a biyu na ɗauko kwalba na kara a kumatuna, na ji ta yi sanyi ƙarara, na yi hamdala. A sana'ata abin da wuta ta bari, in wuta ta dawo ya dawo. Ban san akwai abin da zafi ke kashewa sanyi bai tashe shi ba. Na ga wasu 'yan gudaji sun manne a jikin kwalbar, na girgiza ta na mayar.

Muka ci gaba da yi mata allura da mataccen magani, safe da yamma, cikin natsuwa, har kwana tara. Ƙishirwa ta dawo, zaryar bayan gida ta dawo, idanunta suka faɗa. A kwana na biyar Hajo ta ce a koma Gusau. Na ce zafin gari ne, ga magani nan da sanyinsa. Abin da ban faɗa ba shi ne, in na je Gusau likita zai yi tambaya, ni kuma ba ni da fuskar amsawa. Sai da ta fara amai, numfashinta ya koma sama-sama, sannan na nemo mota. Hajo ba ta iya riƙe ta saboda ciki, dole ni na zauna a baya na ɗora kanta a cinyata. Tun ranar sunanta ban taɓa jikinta ba sai ranar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Mun wuce rabin hanya ta buɗe ido ta dube ni.

"Baba, ban buɗe ba ko sau guda sai lokacin allura. Hitilar ma tun da kad dawo koriya ta, kullum ina dubawa."

Ta zaci ita ce ta yi sakaci da gadinta. Direban maƙwabcinmu ne, ga wani dattijo a gaba da muka rage wa hanya. Ina da damar in ce mata ba laifinta ba ne, in kira sunanta ko sau ɗaya. Abin da na ce shi ne, to. Wannan ita ce kalmar ƙarshe da ta ji daga bakina.

Likitan ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta saitin taga, ya juya ta, ya dube ni.

"Wannan ya sha zafi. Kwana nawa ya yi babu sanyi?"

Na ce biyar. Ya ce to tun daga lokacin da shi da ruwa kusan ɗaya ne, kuma da an kawo ta kwana uku da suka wuce da magana ta bambanta. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da abin da zan ce a kansu. Washegari bayan azahar ta cika.

A wurin zaman makoki ban zubar da hawaye ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka. Mutane suka yi ta yaba haƙurina, wani ma ya ce a yi koyi da Umaru. Ina zaune ina amsa amin, ina jin ƙyamar kaina.

Yaya Tukur ya zo a rana ta biyu. Bayan ya zauna da maza ya shiga cikin gida ya tsaya a bakin ƙofar Hajo ya yi mata gaisuwa. Sai muryarta ta fito daga bayan labule, a hankali, ba kuka a ciki.

"Malam, na ji gaisuwarka. Amma ka san maganin ɗiyar ga na ciki, kas sa anka kwance. Tsakanina da kai sai gaban Allah."

Ya juyo ya kama hannun rigata ya ja ni bayan gida, wurin turken awaki.

"Mi nis sani, Umaru?"

Na gaya masa duka, har da direban Moriki. Ya dafa katanga.

"Sau biyu nit tambaye ka."

"Sau biyu, Yaya."

"To don mi?"

"Kunya. Ɗiyar hwari ta, ga Baba Liman zaune."

"Kunyar ga ba ta cikin littahi ko guda da nik karanta. Kuma bakin mota ba Baba Liman."

Na ce masa yanzu zan shiga in gaya mata gaskiya. Ya tare ni da hannu.

"Ba yau ba. Tana da tsohon ciki, ga yara huɗu. In ta ji yau, gidan ga ya watse. Ni ina Zurmi, ita da kai za ta zamna. Ba ni cewa na sani, don ƙarya ta. Amma ba ni wanke kaina sai ka hwaɗi da bakinka. Ka bari ta haihu ta huce, sannan ka hwaɗa mata."

Ku duba da kyau, ba yafe mini ya yi ba, lokaci ya ara mini, wata biyu ko uku. Ni kuwa na riƙe shekara goma sha tara. Hajo ta haihu, na ce sai ta yi arba'in. Ta yi arba'in, na ce sai ta yaye. Daga nan na daina sa wa kaina rana. Kuma akwai abin da ya fi wannan muni. A cikin baƙin cikinta ta jingina da ni fiye da da, tana tausaya mini, wai an fi ƙarfina, ƙane ba ya musu da wa, balle wa malami. Ta ninka kyautata mini. Na sami zaman lafiyar da ban taɓa samu ba a gidan nan, kuma na san da me aka saye shi.

Ta yanke ƙafarta daga Zurmi, ta yanke taku. Buhun geron da Baffanku ke aikowa da kaka ta sa a mayar. 'Yarsa ta yi aure ba wanda ya je daga gidan nan sai ni. Duk da haka kowace Salla ƙarama sai ya zo. Kun tuna yadda kuke watsewa daga ƙofar gida in kun hango shi, yadda ba a fito masa ko da ruwa sai ni in shiga in ɗebo da kaina. Ya zauna a zaure mu gaisa, mu yi maganar damina da ta mutanen gida, in zai tashi ya tsaya yana neman takalminsa, ba tare da ya dube ni ba ya yi tambaya.

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Yaya."

Sai ya gyaɗa kai ya tafi. Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba, ko matarsa. A Zurmi ma maganar ta bazu, akwai waɗanda suka daina zuwa karatunsa, suna cewa malamin da ya fifita lasifika a kan ran yarinya. Ya ji, ya yi shiru. Shekarun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, mutane suna tsoron Moriki da rana tsaka, bai fasa zuwa ba. Ni na san ba don gaisuwa yake ratso dajin nan ba, don tambayar nan ce.

Ciwon Hajo na ƙarshe bai daɗe ba. Wata rana da hantsi ta sa aka fitar da ku daga ɗakin, ta ce in matso. Na zauna a bakin gado na san wannan ce dama ta ƙarshe, har na shirya kalmomin a bakina. Ita ta riga ni.

"Maigida, ka yahe mani abin da nic cuce ka."

Na ce ba ta taɓa cutata ba. Na ce ni ne mai neman gafara, akwai maganar da nake son in gaya mata. Ta girgiza kai, ta ɗora hannunta a kan nawa.

"Kai na yahe ma tun ba ka roƙa ba. Sama da shekara talatin ba ka taɓa yi mani ƙarya ba. Kowa na yahe mai duniyar ga, ban da mutum guda, kai ma ka san shi."

Ta jira in faɗi maganata. Na dubi fuskarta, na ga yadda take kallona da yarda, na ga cewa in na yi magana da wannan kallon ba za ta tafi ba. Kuma ina son kallon. Na ɗauki kofi na ce ta sha ruwa. Ta sha, ta yi mini addu'a, kafin azahar ta rasu.

To kun ji. Baffanku ya tambaye ni sau biyu, na ce masa ruwan sanyi ne. Mahaifiyarku ta tambaye ni sau biyu, na ce mata ya sani. Ban rubuta wannan don ku tausaya mini ba, kuma kada wanda ya zo ya ce mini ƙaddara ce, na san ƙaddara, na kuma san hannun da ya kwance wayoyin nan. 'Ya'yan Baffanku suna nan a Zurmi, ku je ku karanta musu takardar nan a tsakar gidansu, da ƙarfi, maƙwabta su ji. Wannan kuna iya gyarawa. Wanda ba ya gyaruwa shi ne na ɗakin Hajo. Yafiya ɗaya ta rage mata a duniya, ta Baffanku ce, mutumin da bai yi mata komai ba, ni kuwa na zauna a bakin gadonta na miƙa hannu na karɓe.